Ruwan Da Ke Gina Dutse Shi Ke Cinye Shi

Daga Malamin Gona, Mabai

Ran Jumma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo cikin manoman Mabai ya iske ni a zaure, riƙe da ƙullin wani farin gari a tsumma. Da muka gaisa sai ya kwance, ya ajiye gabana, ya ce, "Malam, ran nan na ji ka ce gonar da ta yi tsami farar ƙasa ce maganinta. To, ga ta na samo wurin masu haƙa a Ƙanƙara, da araha kuwa. Buhu goma na ke so in saya kafin ruwa ya sauka. Mudu nawa zan watsa wa gonar masarata?"

Na ce, "Baba, dakata tukuna, kada ka fid da kuɗinka." Na aiki yaro ya sayo lemon tsami, na matsa bisa garin nan. Shiru, sai dai ya jiƙe ya yi santsi kamar yumɓu. Sa'an nan na ɗauko wani guntun dutse fari-fari, wanda wani direban babbar mota ya kawo mini tsaraba daga Kalambaina ta Sakkwato, na kankare shi da wuƙa, na matsa lemon bisa garinsa. Nan da nan ya shiga fid da 'yan kumfa, yana ƙara kamar an buɗe lemon kwalba.

Dattijo ya riƙe baki, ya ce, "Ikon Allah! Wannan fari, wannan fari, duka kuwa daga ƙasa aka tono su. Me ya raba su, ɗana?"

Na ce ruwa ne ya raba su. Amma laifin nawa ne, gama ni na ce "farar ƙasa" ban bambanta ba, alhali abu biyu ne mu ke kira da wannan suna. Ɗaya ita ce tamu ta Ƙanƙara, ɗaya kuwa garin dutsen da a ke yin siminti da shi. Kada wani ya sake yin niyyar zuba kuɗinsa a banza, shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin duka biyu a wannan fili. Za mu fara da na Sakkwato, sa'an nan mu komo gida.

Teku A Ƙasar Sakkwato

Wanda ya shiga mota daga Funtuwa zuwa Gusau, ya zarce Sakkwato, in yana kula zai ga ƙasa ta sake. Daga nan har Gusau duwatsu ne masu tauri irin namu. Amma da an wuce Talata Mafara an doshi Tureta sai su ɓace, a shiga ƙasar rairayi da laka da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai. Masana duwatsu sun gano cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, wani hannun teku ya ratso ta inda hamadar Sahara ta ke yau, ya bi ta ƙasashen da yanzu a ke kira Mali da Nijar, ya malalo har Sakkwato. Ba shi da zurfi ainun, ruwansa kuwa mai ɗumi ne, cike da kifaye da kadoji da katantanwa da ƙumba iri iri.

Kada wani ya ce tatsuniya ce. Shaida tana nan jikin dutsen, kowa na iya gani da idonsa. Tun cikin 1904, watau shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, wani masani mai suna Bather a Landan ya rubuta bayanin gawawwakin wata halitta mai ƙaya, wadda za mu iya kira bushiyar teku, da aka tsinto a wannan ƙasa sun zama dutse. Cikin 1911 Falconer ya buga littafinsa na duwatsun Nijeriya ta Arewa. Cikin 1948 Brynmor Jones ya rubuta na Lardin Sakkwato kaɗai. A shekarun 1970 kuma Farfesa Kogbe, ɗan ƙasar nan, ya bi su hawa hawa ya ƙara bayani.

Ga yadda hawan ya ke. A ƙasa akwai wata laka mai duhu, wadda aka sa wa sunan garin Dange, a cikinta a ke samun ƙasusuwan kifi da na kada. Bisa kanta kuma ga farin dutsen, wanda aka sa wa sunan Kalambaina, ƙauyen da ke kusa da birnin Sakkwato a ƙaramar hukumar Wamakko. Wani wuri kaurinsa ya kai mita 20, watau ya wuce gaba goma a lissafin masu haƙar rijiya. Ya miƙa arewa ta Kware da Gwadabawa da Illela, ya ƙetara iyaka har Malbaza ta Nijar.

Yadda Taɓo Ya Zama Dutse

Sa'ad da halittun nan suka mutu, ɓawonsu ya riƙa taruwa a gindin teku, wani ɗungum, wani a farfashe, wani ya niƙe ya zama farin taɓo. A wannan lokaci ba dutse ba ne, tsibi ne kawai, da hannu ma sai a kwashe shi. Cika mudu da gero ka tsiyaya ruwa a ciki, za ka ga ya sha da yawa bai zuba ba, domin akwai kafofi tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Haka wannan tsibi ya ke. An auna irinsa a tekunan yau, an ga kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na jikinsa kafofi ne. Amma tsohon dutsen siminti mai tauri sau da yawa kafofinsa ba su kai kashi 10 ba. To, me ya cike sauran?

Nauyin ƙasar da ta danne shi ya matse wani abu. Ruwan teku da kansa ya liƙe wani abu. Amma babban aiki ya kan soma ne ranar da teku ta janye, ruwan sama ya fara sauka bisa tsibin.

Ruwan sama ba shi kaɗai ya ke shiga ƙasa ba. Yana haɗiye wata iska da a ke kira iskar kabon, ita ce wadda mu ke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke sa lemon kwalba kumfa. Saiwoyin tsiro ma suna fid da ita, ruɓaɓɓen ganye da taki suna fid da ita, har ya zama iskar da ke cikin ƙasar gona ta fi ta sarari yawan kabon sau 10 zuwa sau 100. Ruwan da ya sha wannan iska ya kan yi ɗan tsami, wanda harshe ba ya ji, amma dutse yana ji. Lita guda ta tsantsar ruwa ba ta narkar da abin da ya wuce miligiram 14 na wannan dutse. Amma lita guda ta ruwan da ya ratsa ƙasar gona tana iya ɗaukar 200 har 300. Watau duro guda mai cin lita 200 ya kan ɗauki wajen giram 50. Kaɗan ne, amma a tuna kowace damina sai an yi, shekara dubu bisa dubu. Hausawa sun ce yau da gobe ba ta bar kome ba.

Sai abu na biyu, wanda shi ne mabuɗin zancen. Ɓawon halittun teku iri biyu ne. Sinadarinsu ɗaya, watau kalsiyam haɗe da kabon, sai dai jerin ƙwayoyinsu ya bambanta, kamar yadda masaƙi zai ɗauki zare ɗaya ya yi saƙa iri biyu. Ɗaya a ke kira araganait, yawancin katantanwa da shi a ke yinsu. Ɗayan kuwa kalsait, da shi a ke yin bushiyar teku da wasu irin ƙumba. Ruwa ya fi saurin cin araganait. In ya ci ya ƙoshi, sai kayan su yi masa nauyi, ya fara saukewa a kafofin da ke kusa. Amma ba ya sauke su yadda ya ɗauka, sai ya mai da su kalsait, 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli su tsiro jikin ɓawo, su yi ta girma har su kama na kusa da su. Har wa yau kalsait ya fi araganait cin wuri da misalin kashi 8 cikin ɗari, saboda haka abin da aka sauke ya ɗara abin da aka ɗauka girma.

Kowa ya san kantun riɗi. Riɗi a warwatse ya ke, sai mace ta narkar da sukari ta zuba, ya shiga tsakanin ƙwayoyi, ya daskare, ya zama abin da sai an sa haƙori. To, haka ruwa ya yi wa tsibin nan. Bambanci ɗaya, shi bai zo da sukarinsa daga waje ba, daga jikin riɗin ya tatsa.

In ka sami dama ka duba dutsen Kalambaina da kyau za ka ga hannun ruwa a fili. Yawancin katantanwar da ke ciki ba su da ɓawo, sai siffarsu kawai ta rage: taɓon da ya cika cikinsu ya daskare, ɓawon ya narke ya tafi, kamar tubalin da aka cire daga ma'auninsa. Amma bushiyar teku tana nan da ɓawonta, har da zanen jikinta. Ruwa ya zaɓi mai sauƙi ya ci, ya bar mai wuya.

Bisa Ruwa Da Cikin Ruwa

Mai haƙar rijiya ya sani akwai sashe biyu a ƙarƙashin ƙasa. Na farko ƙasa ce mai danshi kawai, na biyu kuwa inda ya cim ma ruwa kwance. Aikin liƙi ya bambanta a wuraren nan biyu. Ku dubi geron da aka wanke aka zuba a kwando. Ruwa ya tsiyaye, saura ɗan kaɗan maƙale inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya, da ɗigon da ke rataye a ƙarƙashin kowace. Haka liƙin sashen sama ya ke, sai a mahaɗin ƙwayoyi da ƙarƙashinsu. Ku dubi kuma geron da aka jiƙa cikin ƙwarya domin kunu, ruwa ya rufe shi ko'ina. Haka liƙin sashen ƙasa ya ke, ya kan kewaye ƙwaya duka daidai wa daida, sa'an nan ya cike tsakiya.

Yaya aka san wannan? Wani Bature mai suna Henry Sorby, mutumin Shafil ta Ingila, shi ya shahara da goge dutse har ya yi siriri haske ya ratsa shi, a duba da madubin ƙara girman abu. Cikin 1879 ya ba da bayanin abin da ya gani cikin duwatsun siminti. Daga baya, a shekarun 1960 da 1970, masana suka tafi tsibiran Bamuda da Babados, inda akwai irin wannan dutse sabo, wani shekararsa 125,000 kacal, ruwan sama na kan aikinsa. Suka haƙa suka gwada na bisa ruwa da na cikin ruwa, suka ga wanda ya daɗe nutse cikin ruwan daɗi ya fi saurin rikiɗa. Yau masani na iya duban sirin tsohon dutse ya faɗi inda ruwan ƙasa ya taɓa kwanciya tun kafin a halicci mai rijiya.

Rijiyoyin Sakkwato Da Butar Shayi

Ruwa ba ya tsayawa ga gini. Sabon ruwan da ya zo da yunwa, in ya sami tsaga a jikin dutsen, sai ya bi ta yana lasa, tsaga ta zama kafa, kafa ta zama rami. Saboda haka dutse ɗaya sai ka ga nan ya toshe ƙam, can kuwa kamar saƙar zuma. Cikin 1973 wasu masana ruwa biyu na Amurka, Anderson da Ogilbee, suka buga sakamakon bincikensu na ruwan ƙarƙashin ƙasar Sakkwato. Sun nuna cewa ruwan damina yana taruwa cikin kafofin dutsen Kalambaina, lakar Dange da ke ƙarƙashi ta tare shi kamar gindin randa. Wannan ruwa shi ke ciyad da rijiyoyi masu yawa, shi ke ɓuɓɓugowa da rani ya ba tafkuna irin na Kware ruwa, inda mutane ke noman rani.

Ruwan irin wannan wuri nauyi gare shi. Sabulu ba ya kumfa da wuri, butar shayi kuwa ba ta daɗewa sai ka ga farin ƙanzo a gindinta. Wannan ƙanzo shi ne darasinmu duka a taƙaice. Wuta ta kori iskar kabon daga ruwa, ruwa ya kasa riƙe kayan da ya ɗauko, ya sauke su jikin buta. Abin da ya ɗauki shekara dubbai a ƙarƙashin ƙasa, mai shayi yana yinsa cikin wata guda. Matsa masa lemon tsami ka ga kumfa.

Shi kuma ɗan Adam ya koyi warware wannan ɗinki. In aka gasa dutsen da wuta mai zafin digiri 900, kilo 100 na tsantsarsa ya kan ba da kilo 56 na ƙonanniyar farar ƙasa, kilo 44 su tashi iska. In aka gauraya shi da laka aka kai zafin wajen digiri 1,450 sai a sami uwar siminti. Dalilin da ya sa ke nan aka kafa kamfanin siminti na Arewa cikin 1962, ya fara aiki a Kalambaina cikin 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. Yau masana'antar tana hannun kamfanin BUA, an kuma ƙara mata sabon sashe cikin 2018. Ta Malbaza ma bisa wannan dutse ta ke zaune. Ɗan kasuwar da ke sauke siminti a Ƙanƙara ko Faskari, in daga Sakkwato aka yi lodi, to, ɓawon katantanwar tsohuwar teku ya ke sayarwa.

Namu Dutsen

To, mu komo gida. A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba mu bisa gindin teku. Muna zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri, wanda sashensa ya kai shekara miliyan 600, watau ya girmi na Kalambaina sau goma. In ka fasa shi za ka ga ƙwayoyi iri uku: masu kama da gilashi, masu ƙyalƙyali kamar ɓawon kifi, da farare ko ja-ja waɗanda a ke kira feldisfa.

Ruwan nan mai ɗan tsami yana aiki a nan ma, amma aikinsa na ɗiba ne. Yana kama feldisfa yana ruɓar da shi, ya zare gishirin da ke ciki, har da ɗan kalsiyam ɗin da ke akwai, ya tafi da su. Ƙoramun Ƙanƙara da Faskari su kai wa gulaben da ke gangarawa Sakkwato da Rima, su kuma su kai Kwara, Kwara ta kai teku. Abin da ya rage a wurin, bayan an kwashe kome, shi ne farin yumɓun da a ke haƙa a Ƙanƙara, wanda a ke kira kawolin. Abu ne mai daraja, ana yin tangaran da fenti da takarda da shi, mata na shafen ɗaki da shi. Amma ga ƙasa mai tsami ba shi da abin bayarwa, gama shi kansa saura ne, kamar dusar da aka tace.

Ga amsar dattijo ke nan. Farar ƙasar Kalambaina ita ce inda ruwa ya tara kalsiyam, ta Ƙanƙara kuwa ita ce inda ruwa ya kwashe shi. Kama da wane ba ta wane.

Duk da haka mu ma muna da ɗan rabonmu. A wasu fadamu masu baƙar laka, inda ruwa ke kwanciya da damina ya ƙafe da rani, mai haƙa ya kan ci karo da 'yan farfarun tsakuwoyi masu gurɓi-gurɓi. In ka gwada su da lemon tsami suka yi kumfa, to, kayan da ruwa ya kwaso daga tudu ne ya sauke a nan da ya ƙafe. Fadamar da ke da su ba ta bukatar a ƙara mata.

Abin Da Ya Shafi Gona

Tun da uwar ƙasarmu ba ta da kalsiyam da yawa, kowace damina kuma ruwa yana rage ɗan abin da ke akwai, sai mu kula da abin da mu ke ƙarawa da hannunmu. Takin zamani mai sa ganye kore yana barin tsami a ƙasa. A lissafin masana, buhun yuriya mai kilo 50 yana bukatar wajen kilo 40 na garin dutsen siminti kafin a kashe tsamin da ya bari. Buhun salfa, watau salfet na amoniya, wajen kilo 55. A Samaru ta Zariya an fara wani gwaji cikin 1950, aka yi ta noma filaye ɗaya shekara da shekaru, wasu da takin zamani, wasu da kashin shanu, wasu da duka biyu. Filayen da aka yi ta ba irin wannan taki shi kaɗai suka yi tsami, amfaninsu ya ragu. Waɗanda aka haɗa wa da kashin shanu suka riƙe ƙarfinsu.

Ana auna tsamin ƙasa da wani ma'auni mai suna pH. Bakwai shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami ne. In ya sauko ƙasa da biyar da rabi, saiwar masara ta kan tsuke, takin da ka zuba kuma ƙasa ta riƙe wani sashe ta hana shuka. Gyaɗa ma tana da nata kuka. Kwansonta daga ƙasar da ke kewaye da shi ya ke shan kalsiyam kai tsaye, ba ta hanyar uwa ba. In babu, sai ka tuge ka ga kwanso da yawa, ka fasa ka iske fanko. Shi ya sa tun zamanin dalar gyaɗa a ke ba ta takin sufa, gama wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa kalsiyam ne.

Ga shawarata, jama'a.

Na ɗaya, kada ka yi wa gona magani da ka. Masara na iya yin rawaya saboda yunwa, ko wuta-wuta, ko ruwa ya yi mata yawa. Ɗebi ƙasa wuri biyar ko goma cikin gonar, zurfin taƙi guda, ka gauraya, ka ba malamin gona ya san inda za a auna, ko a hukumar aikin gona ta Jihar Katsina ko a Samaru. Awon shi zai faɗi ko da bukata, da yawan abin da za a zuba.

Na biyu, kowane farin gari aka kawo maka, gwada shi da lemon tsami gaban mai sayarwa. In bai yi kumfa ba, bar masa kayansa. Amma a kula, kanwa ma tana kumfa. Ita a kan gane ta domin tana narkewa cikin ruwa, ga kuma ɗanɗanonta. Kada ta kusanci gona, kashe ƙasa ta ke yi.

Na uku, sai mai laushi kamar garin tuwo. Tsakuwar dutsen siminti sai ta shekara da shekaru cikin gona ba ta narke ba. A watsa kafin huɗa, a gauraya da ƙasa, a bar ruwan farko ya yi aikinsa makonni kafin shuka.

Na huɗu, in ƙonanniya ce, a rufe hannu da ido, tana ƙuna. Kada kuma a haɗa ta da yuriya ko salfa rana ɗaya, ƙarfin takin zai tashi iska.

Na biyar, kada a zarce. Ƙasarmu mai rairayi ba ta ɗaukar da yawa, in aka cika mata sai wasu abincin shuka su ɗaure, a gudu daga wata cuta a faɗa wata. Wanda ba shi da halin saye kuwa, ga takin gida da tokar murhu, su ma suna rage tsami. Kada a zubar da su a juji.

Abin Da Ya Shafi Rijiya

Mai haƙa a Sakkwato kafofin dutse ya ke nema, ya kuma kiyayi huda lakar da ke riƙe da ruwan. Mu a nan ruwanmu yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Za ka wuce marmara, ka shiga yumɓu mai laushi, wanda ke riƙe ruwa amma ba ya sakinsa da wuri. Kada ka tsaya nan. Ci gaba har ka kai inda dutse ya ruɓe ya zama tsakuwa-tsakuwa, nan ne ruwa ke tafiya. A ɗaure bakin yumɓun da siminti, gama shi ke ruftawa da mutane. In kuwa diga ta fara tsalle tana fid da wuta, ka kai ɗanyen dutse, ƙarin haƙa da hannu ɓata kuɗi ne. Daga nan sai injin burtsatse, shi ma sai an auna an nemi tsaga. Ruwanmu ba shi da nauyi, sabulu na kumfa, amma ɗan tsaminsa ya kan ci bututun ƙarfe, saboda haka a tambayi irin bututun da za a sa. A ko'ina kuma, a nisanta masai da rijiya, mita 30 a ƙalla. Hanyar da ruwa ya buɗe wa kansa, ƙazanta ma tana binta.

Dattijon nan dai bai sayi buhu goma ba. Washegari muka tafi gonarsa muka ɗebi ƙasa, muna jiran sakamako. Ƙullin farar ƙasar kuwa ya ce zai kai wa uwargida ta shafe ɗaki. Guntun dutsen Kalambaina yana nan zaurena, duk mai son ganin katantanwar da ta rasa ɓawonta sai ya zo da lemon tsaminsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu asarar dukiya, amin.